Ragon Turke: Jawabi A Kan Ƙiba, Wanda Aka Yi A Unguwar Kusugu

Na ga a cikinku akwai waɗanda suka haife ni. Su gafarce ni in magana ta taɓa su, gama abin da na zo da shi yau ba ya ɓoyuwa ko an rufe shi da babbar riga. Maganar tumbi ce.

Bari in fara da abin da kuka fi ni sani. In Babbar Salla ta rage wata uku ko huɗu, sai mutum ya tafi kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, ya sayo ramammen rago da araha. Ya kafa masa turke a inuwa, ya ɗaure shi, ya riƙa zuba masa dusa da harawa da ƙowa, safe da yamma. Ba ya yarda yaro ya kore shi daji tare da garke. Na taɓa tambayar wani dattijo dalili, ya dube ni kamar wanda ya ga wawa, ya ce, "Malam, in ya yi yawo ai zai zubar da abin da ya ci." To, wannan shi ne karatun ƙiba daga bango zuwa bango, likitoci ba su ƙara kome a kan tushensa ba. Abin da ya shiga ciki bai fita a kan aiki ba, jiki ya kan mai da shi kitse ya ajiye.

Yanzu ku dubi kanmu. Iyayenmu sun ci tuwo fiye da yadda mu ke ci, amma da gari ya waye suna gona da garma. Masu fatauci su kan bi jakai a ƙasa har Kano ko Damagaram. Mata su ja guga, su yi surfe, su yi daka. Yau ga famfo, ga injin niƙa, ga babur a ƙofar gida. Ban ce a koma wahala ba, sauƙi abin godiya ne. Amma aiki ya ragu, akushi bai ragu ba. Har ma an ƙara masa abubuwan da kakanninmu ba su saba da su ba, watau shinkafa sau biyu a yini, da taliya, da burodi, da lemon kwalba. Mai kanti ya hau benci tun hantsi, bai sauka ba sai salla, duk mai tallan da ya gitta ya tsai da shi. Wa ya ɗaure shi a turke? Shi ya ɗaure kansa.

Ba da baƙon ciwo ni ke yi muku magana ba. Sa'ad da na fara aikin zama a ofis na sayi babur, kafin shekara uku zariyar wandona ta gaza. Mutane suna ta yi mini barka, suna cewa hutu ya karɓe ni. Ni ma ina jin daɗin maganar, ba zan ɓoye muku ba. A ƙasarmu an ɗauki teɓa alamar wadata, har in mai kuɗi ya rame sai a ce ko rowa ce, ko an yi masa sammu. Abin da ya farkad da ni sujada ce. Na ga in na kai goshi ƙasa numfashi na kan ɗauke, in na tashi sai na dafa bango, alhali ko arba'in ban cika ba.

Mahauta da ke cikinku sun san kitse iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, akwai wanda ya ke nannaɗe hanji da ƙoda da hanta. Na biyun nan shi ne mugun, kuma shi ne ya ke turo tumbi gaba. In ya yi yawa, jiki ya kan kasa sarrafa sukarin da ke cikin jini, sai ciwon sukari ya shigo. Ya kan jawo hawan jini, hawan jini kuwa shi ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki. Gwiwa ta gaji da dakon da ba nata ba, barci ya cika da minshari, da rana mutum na gyangyaɗi a tsakiyar ciniki. Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya, ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana da ƙibar da ta zama cuta, kuma a cikin manya abin ya fi ninki biyu in aka gwada da 1990.

Yaya mutum zai sani ko ya wuce iyaka? A asibiti suna da sikeli da lissafinsu. Amma ga awon da ba ya bukatar ko kwabo. Ka sami igiya, ka taka bakinta da diddige, ka kai ta bisa kanka, ka yanke daidai tsawonka. Sa'an nan ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita, sama da cibiya kaɗan, ba tare da ka haɗiye ciki ba. In bakin igiya ya sadu, ka gode Allah, ka kiyaye abin da ka ke da shi. In bai sadu ba, watau faɗin cikinka ya wuce rabin tsawonka, to, maganar nan da kai a ke yi. Hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idodin aiki ta shawarci mutane da wannan awon a shekarar 2022.

Kafin in ci gaba, sai in tsaya in raba tsaki da tsakuwa. Ba kowace rama ce lafiya ba. Wanda ya ga yana zubewa alhali bai rage cinsa ba, musamman in da tari, ko yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ya tafi asibiti, kada ya yi murna. Kuma na san a jiharmu yunwa ba tatsuniya ba ce. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labari cewa a watanni shida na farkon 2025 yara 652 sun mutu a wuraren jiyyarta na Jihar Katsina saboda tamowa. Ya kan yiwu a gida ɗaya maigida na fama da tumbi, ɗan yaye na fama da rashin abinci mai gina jiki, domin tsoka da ƙwai a akushin maigida a ke sa su. Wanda ya rage cinsa, ya san inda zai tura ragowar.

To, yanzu mu zo kan gindin magana. Rage ƙiba ba shi ne babban aiki ba. Ku duka kun taɓa yi. Kowane watan Azumi zariya ta kan yi sako-sako. Masu bincike sun tattara awon masu azumi na ƙasashe da yawa, suka ga mutum ya kan sauke kamar kilo ɗaya ko fiye da haka kaɗan, amma 'yan makonni bayan Salla yawancinsa ya komo. Ni kaina sau uku ina saukewa da zafin nama, sau uku yana dawowa, na ukun har da riba. Na zargi kaina da rashin zuciya. Ashe akwai abin da ban sani ba.

Jikin ɗan Adam kamar maigidan da ya taɓa ganin yunwa ne. Tsofaffinmu sun ji labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, waɗansunku kuwa sun ga farin 1973 da idonsu. Wanda ya ga irin wannan, in ya leƙa rumbu ya ga hatsi ya yi ƙasa, hankalinsa ba ya kwanciya. Zai rage awon da ya ke fitarwa, ya kuma fita neman ƙari. Haka jiki ya ke yi da kitsensa. Shi bai san da niyya ka rage ci ba, tsammani ya ke fari aka yi. A shekarar 1994 wani masani a birnin New York, Jeffrey Friedman, shi da abokan aikinsa, suka gano wani sinadari da kitse ke aikawa cikin jini zuwa ƙwaƙwalwa, kamar manzo mai kai labarin abin da ya rage a rumbu. In kitse ya ragu, manzon ya kan ragu, sai ƙwaƙwalwa ta hura wutar yunwa.

Ku ji yadda abin ke daɗewa. A birnin Melbourne na ƙasar Ostireliya likitoci sun sa mutum 50 sun rage ci ƙwarai har mako 10, suka sauke nauyi mai yawa. Bayan shekara guda aka sake auna jininsu, aka tarar sinadaran yunwa ba su koma daidai ba, mutanen kuwa sun ce sun fi jin yunwa bisa da. An buga wannan a 2011. A Amurka kuma an yi wata gasa ta talabijin, inda masu ƙiba ƙwarai ke tseren ramewa don a ba su kuɗi. Wani masani mai suna Kevin Hall ya bi mutum 14 daga cikinsu. Bayan shekara shida yawancinsu sun mai da mafi yawan abin da suka sauke, kuma jikinsu yana ƙona abinci ƙasa da yadda ya kamata ga mai irin nauyinsu, kamar an rage wa murhu itace. An buga wannan a 2016. Da na ji haka sai na daina zagin kaina. Na gane ba rago ba ne ni, kokawa ce na shiga ban san ƙarfin abokin karawata ba.

Ga rijiyar nan a bayanku. Kowane yaron Daura ya san labarinta, yadda macijin nan Sarki ya tare ta, ba mai ɗiban ruwa sai ran Juma'a, har Bayajida ya zo da dare a zamanin Daurama ya sare shi. Ku tuna da halin mutanen lokacin. Ran Juma'a a cika randa da tulu da kowace ƙwarya, kafin Talata ana lasar gindin randa. Abin da garin ya samu bayan mutuwar macijin shi ne ɗiba kullum, kaɗan-kaɗan, gwargwadon bukata. Yawancinmu irin ɗiban Juma'a mu ke yi wa jikinmu. Mu yi wata guda muna azabtad da kanmu, mu yi wata goma sha ɗaya a turke. Saboda haka in za ka sāke wani abu a cinka, ka tambayi kanka tukuna: zan iya yin wannan har in tsufa? In ba za ka iya ba, bar shi, nemi ƙaraminsa.

Kada ku ce ba wanda ya taɓa cin nasara. A 1994 waɗansu masana biyu a Amurka, Rena Wing da James Hill, suka buɗe littafin rajista na mutanen da suka sauke aƙalla kilo 13 da ɗoriya, suka kuma riƙe shi shekara guda ko fiye. Dubban mutane sun shiga. Da aka bincika al'adunsu ba a sami wani asiri ba. Yawancinsu suna motsa jiki kamar sa'a guda kowace rana, kuma tafiya a ƙasa ita ce ta fi yawa. Suna karya kumallo. Suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. Cinsu na ranar hutu bai bambanta da na ranar aiki ba sosai. Kuma an lura wanda ya riƙe shekara biyu, abin ya kan yi masa sauƙi daga nan.

Ba kuwa sai ka koma kamar saurayi ba. A 2002 an buga sakamakon wani babban gwaji a Amurka, na mutum 3,234 waɗanda ke bakin kamuwa da ciwon sukari. Aka ce wa kashi ɗaya su sauke 7 cikin 100 na nauyinsu, su yi tafiya minti 150 a mako. A cikin wajen shekara uku, kamuwa da ciwon a wannan kashin ta ragu da 58 cikin 100 in aka gwada da waɗanda ba a sa su haka ba. Ku yi lissafin da kuka koya a aji. Mai kilo 100 kilo 7 ne nasa. Minti 150 kuwa rabin sa'a ne a kwana biyar. Rabin kilo a mako ya isa gudu, sannu ba ta hana zuwa.

Tafiya ita ce mai araha. Kun tuna a Babbar Sallar 2018, marigayi Muhammadu Buhari, yana da shekara 75, ya taka daga filin Idi zuwa gidansa a nan Daura, mita 800, jaridun ƙasar nan suka yi ta cece-kuce a kai. Na yi dariya a raina, gama tsohuwar da ke kawo nono daga ruga ta kan ninka wannan sau da yawa kafin hantsi, ba wanda ya buga ta a jarida. Amma mu nawa ne a nan ke hawa babur zuwa masallacin da a ke jin kiran sallarsa daga zaure? Ni da wannan na fara. Na jingine babur, na riƙa zuwa salloli biyar a ƙasa, bayan Asuba kuma in zaga gari kafin rana ta yi zafi. Mai gona kusa ya je ta a ƙasa ko a keke, ya kuma kama fartanya da hannunsa ko da yana da 'yan ƙodago.

Sai dai ƙafa ba ta iya biyan bashin da baki ya ci. Kwalbar lemo guda mai santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 9, kuma sai ka yi kamar rabin sa'a kana tafiya da sauri kafin ka ƙone ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce kamar cokali 12 a yini, da na shayi da na koko da na fura duk a haɗe, in ya tsaya a 6 ya fi. Ku je teburin mai shayi ku ƙidaya abin da ya ke zubawa a kofi ɗaya, ga madara mai zaƙi a kai. Abin sha mai zaƙi mayaudari ne, ya kan shiga bai cika ciki ba, sai ka ci tuwonka cikakke a bayansa. Wanda ya bar wannan kaɗai, ya koma ruwa, ya yi rabin aiki.

Abincinmu na gado ba shi da laifi. Gero da dawa da ba a cire musu dusa duka ba sun fi farar shinkafa da burodi riƙe ciki. Wake, da zogale, da rama, da kuka, da kuɓewa, da nono marar sukari, duk abokan mai son sauke nauyi ne. Laifin yana wurin yawa da mai. Malmala uku ta koma biyu, miya da ganye su cike gurbin. Ludayin man da a ke kwarara wa shinkafa da wake ya koma cokali. Ƙosai da waina da soyayyen abu su zama na marmari. Malamai sun daɗe suna karantar da mu a raba ciki uku, a bar wa numfashi rabonsa, mu ne mu ke ji da kunne mu bari a masallaci. Ka ci a hankali, gama labarin ƙoshi ya kan yi jinkiri kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Mai lomar hasafi ya kan wuce ƙoshi bai sani ba.

Akwai wata wahala wadda littattafan Turawa ba su san ta ba, ita ce ta cikin gida. In ka rage tuwo ba ka yi bayani ba, uwargida za ta ce girkinta ka raina, in kuwa mata biyu ne, ka ɗauko wa kanka shari'a. Ka zauna da su ka gaya musu dalili, ka roƙe su su rage mai da gishiri a tukunyar kowa, gama su ma jikinsu zai amfana. A gidan suna ko walima kuwa, ko lokacin Sallar Gani da gari ke cika da baƙi, kada ka ƙi abincin mutane. Sa hannu, yi loma kaɗan, yi godiya, ka janye.

Game da magunguna, ku yi hankali da mai lasifika a kasuwa wanda ya ce garinsa na narkar da tumbi cikin kwana bakwai. Yawancin irin waɗannan gudawa su ke sawa ko yawan fitsari. Ruwa ne ya fita, kitse na nan, wani lokaci ƙoda ce ke biyan kuɗin. Haka kuma ƙwayoyin nan da a ke kira sha-ka-fashe, waɗanda waɗansu mata ke sha don su yi jiki. A cikinsu akwai masu kumbura fuska, su ta da sukari da hawan jini, su raunana ƙashi. Sau da yawa maganar miji ce ta ke tura mace gare su, saboda haka ku kiyaye harshenku. Akwai allurai na gaskiya da likitoci ke bayarwa yanzu, kamar wadda a ke kira semaglutide, suna kuwa rage nauyi ƙwarai. Amma suna da tsada, kuma a wani bincike da aka buga a 2022, waɗanda suka daina sun mai da kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke a shekara guda. Mai ciwon sukari ko hawan jini da ke shan magani, kada ya rage ci sosai sai ya shawarci likita, don kada sukarinsa ya faɗi ya yanke jiki.

Za ku yi tuntuɓe, wannan ba shakka. Salla za ta zo da soyayyen nama, ko ciwo ya kwantar da mutum, ko damuwa ta hana shi barci, rashin barci kuwa shi ma ya kan ƙara yunwa. Abin da ya kā da ni sau uku ɗin nan shi ne, in na ga nauyi ya fara dawowa sai in ji kunya in daina awo, har sai abu ya yi nisa. Yanzu igiyata tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakina. Kowace Juma'a kafin in yi wanka na kan zagaya ta. In na ga ta matse da faɗin yatsa, a makon nan ni ke gyarawa, ba na jira ya zama taƙi. Shekarata shida ke nan a haka, har yanzu kuwa in na wuce mai tsire da yamma raina ya kan biya.

Na roƙi malamin ajinku ya ba ni rabin sa'a ran Laraba mai zuwa. Kowa ya zo da igiyarsa wadda ya yanke daidai tsawonsa, da littafinsa na rubutu. Za mu buɗe shafi, kowa ya rubuta kwanan wata da hannunsa, ya rubuta ko igiya ta sadu, in ba ta sadu ba yatsa nawa ya rage. Zan zo da sikeli da abin awon jini. Wanda ya ke jin nauyin a auna shi gaban 'ya'yan cikinsa, ya same ni a zaure bayan an watse.